Alobera da Kolopati: Abin da ke Cikin Ganyen

A Dakoro, kamar a Maraɗi, duk wanda cikinsa ya daɗe yana kumburi da murɗa, yau gudawa gobe ƙin fitar bayan gida, ba ya rasa mai ba shi shawarar ya sha alobera. Wani ya yanko masa ganye daga tukunyar tsakar gida, wani ya kawo masa ta kwalba mai tsada daga hannun dillalai. Hujjar kowa ɗaya ce: ai tsiro ne, ba ya cutarwa.

Ciwon da malaman likita a Nijar ke kira kolopati ba gyambo ba ne, ba ƙwayar cuta ba ce. Hanji ne mai saurin harzuƙa, abinci ko damuwa su tayar da shi. Bisa ma'aunin da masana suka amince da shi a 2016, sai ciwon ciki ya riƙa zuwa aƙalla rana ɗaya a mako har wata uku, tare da sauyin bayan gida, kafin a ambaci sunansa. A ƙasar da jama'a da yawa ke shan ruwan rijiya da na tabki, musamman a rugage da ƙauyukan kwarin Tarka, tsutsar ciki da amiba suna kawo irin waɗannan alamu, kuma alobera ba ta kashe su. Awon bayan gida a asibitin Dakoro ya fi kwalbar amfani nesa ba kusa ba.

Ganyen alobera kansa abu biyu ne. Akwai farin tsoka mai yauƙi a tsakiya, akwai kuma ruwa rawaya mai ɗaci da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin bawo da zarar an yanka. Wannan rawayan, mai sinadarin aloyin, shi ne matsalar. Yana tsokanar bangon hanji, ya hana shi tsotse ruwa, sai ciki ya ɓarke. Mai sha ya ga ya zagaya sau uku sau huɗu, ya ce ciki ya wanku, alhali ruwa da gishirin jikinsa ne suka tafi, musamman fotasiyam da zuciya ke bugawa da shi. A zafin Afrilu da Mayu, ga dattijo ko mai azumi, wannan ba wasa ba ne. Kabar giwa ta dajinmu ƴar uwarta ce, ita ma tana da wannan ɗaci.

A 2002 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta janye amincewarta da magungunan zawo na alobera da ake sayarwa ba da takardar likita ba, domin ba a kawo mata shaidar lafiyarsu ba. Daga baya gwajin shekara biyu a kan ɓeraye ya nuna ƙari a babban hanjin waɗanda aka shayar da ruwan ganyen dungurungum, ba a tace ba. Saboda haka cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa irin wannan ruwa a jerin abubuwan da mai yiwuwa su haddasa kansa. Ɓera ba mutum ba ne, gaskiya, amma an kuma samu mutanen da hantarsu ta kumbura ko ƙodarsu ta taɓu bayan shan alobera na wani lokaci.

Farin tsokar fa? Idan an tace ta da kyau, shan kaɗan na ɗan lokaci bai cika yin lahani ba. Amfaninta ne ke da rauni. A Landan, a 2006, an gwada ta a kan majinyata 58, wasu aka ba su ita, wasu abin sha na bogi, kuma ba a ga bambanci mai ƙarfi ba. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun haɗa gwaje-gwaje uku a 2018, mutum 151 kacal, suka ga ɗan sauƙi. A ganina wannan bai kai a zuba jikkuna a kai ba, kuma hukumar NICE ta Ingila tun 2008 ta ce likitoci su riƙa hana masu kolopati amfani da alobera. Mai feƙe ganye da wuƙa a gida kuwa, da wuya ya raba fari da rawaya tsaf.

Mai juna biyu, mai shayarwa, yaro, mai ciwon ƙoda ko hanta, kada su kusanci alobera. Haka mai shan maganin suga, domin tana iya ƙara saukar da shi, da mai shan digoksin ko maganin sa fitsari irin furosemid.

Mai kolopati ya fara da lura da abin da ke tayar masa. Ga wasu wake ne, ga wasu albasa ko madara, ga wasu shayi mai ƙarfi a kan yunwa. Cin abinci a kan lokaci da shan ruwa mai tsabta suna taimakawa. Idan kuwa akwai jini a bayan gida, ko rama, ko zazzaɓi, ko ciwon ya fara bayan shekara 50, to a tafi cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa ba tare da jinkiri ba, a kuma gaya wa malamin likita duk abin da aka riga aka sha, har da na ganye.