Dokokin Cinikin 'Yan Ƙwallo da Fushin Magoya Baya

Sau biyu a shekara ake buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan ƙwallon ƙafa a Turai, sau ɗaya bayan an kammala kakar wasa, sau ɗaya kuma a watan Janairu idan kaka ta kai tsakiya, kuma a waɗannan makonni muhawarar magoya baya takan tashi daga kan cin ƙwallaye ta koma kan kuɗi da kwantiragi. Daga Landan da Madrid har zuwa gidajen kallo na Kano da Damagaram, abin da ake tambaya bai wuce dalilin da ya sa aka sayar da wane ba, ko dalilin da ya sa koci ya bar wane a waje alhali lafiyarsa ƙalau. Hukuncin da mai goyon baya yake yankewa yakan tsaya ne a kan amana da kuma farashi, amma wanda ya bi diddigin cinikin zai tarar cewa sau da yawa wata rubutacciyar doka ce ta riga ta yanke maganar kafin koci ko ɗan wasa ya buɗe baki.

Kuɗin da ake cewa an sayi ɗan wasa da su diyya ce da sabuwar ƙungiya take biyan tsohuwa domin ta yarda a katse kwantiragin da ke tsakaninta da ɗan wasan, a kuma mayar da rajistarsa zuwa sabon wurin. Kafin shekarar 1995, ƙungiya tana iya riƙe rajistar ɗan wasa ta nemi kuɗi a kansa ko da kwantiraginsa ya ƙare. Wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ne ya ƙalubalanci wannan tsari, bayan da kwantiraginsa da RFC Liège ya ƙare a 1990, ya samu gurbi a Dunkerque ta Faransa, amma cinikin ya wargaje saboda batun kuɗi, aka kuma zaftare masa albashi. A ranar 15 ga Disamba, 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin komawa wata ƙungiya a wata ƙasa ta Tarayyar ba tare da an biya ko sisi ba, ta kuma haramta ƙayyade yawan 'yan wasan ƙasashen Tarayyar da ƙungiya za ta saka a fili. Tun daga ranar, shekarar ƙarshe ta kwantiragi ta zama makami a hannun ɗan wasa da wakilinsa, domin ƙungiyar da ta ƙi sayar da shi yau za ta iya rasa shi a banza baɗi.

A nan ne rikicin amana ya samo asali. Lokacin da Sol Campbell, kyaftin ɗin Tottenham, ya bari kwantiraginsa ya ƙare a 2001 ya koma Arsenal, babbar abokiyar hamayyarsu ta arewacin Landan, bai karya kowace doka ba, amma magoya bayan Tottenham sun shafe shekaru suna kiransa maci amana. Shekara guda kafin haka Luis Figo ya bar Barcelona zuwa Real Madrid ta hanyar abin da ake kira farashin sallama, wato adadin kuɗin da aka rubuta a kwantiragi wanda idan aka biya shi ƙungiya ba ta da ikon hana ɗan wasa tafiya, kuma da ya koma filin Camp Nou na Barcelona a Nuwamban 2002 har kan alade aka jefa masa yana shirin bugun kusurwa. Irin wannan sharaɗi ne Paris Saint-Germain ta cika a 2017 da ta ajiye Yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Fushin magoya baya a irin wannan hali abin fahimta ne, tunda su ba sa sauya sheƙa, sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin ƙungiyoyin da ake cewa an ci amanarsu su ne suke sallamar ɗan wasan da ya yi musu hidima shekara goma da zarar ƙafarsa ta fara nauyi, kuma da wuya a ji an kira wannan cin amana.

Batun zaɓen 'yan wasa kuwa, yawancin masu kallo suna ɗauka cewa koci yana da ikon saka duk wanda ƙungiya take biya albashi. Tun daga kakar 2010 zuwa 2011, dole ne kowace ƙungiya a gasar Firimiya ta Ingila ta miƙa jerin sunayen manyan 'yan wasa da ba su wuce 25 ba bayan an rufe kasuwa, kuma a cikinsu waɗanda ba tashin gida ba ne kada su haura 17, yayin da 'yan ƙasa da shekara 21 ba a ƙirga su a cikin jerin. Tashin gida a wannan doka ba ya nufin ɗan ƙasa. Yana nufin wanda ya yi kakar wasa uku yana da rajista da wata ƙungiya ta Ingila ko Wales kafin ya cika shekara 21, ko daga wace ƙasa ya fito. Shi ya sa Cesc Fabregas ɗan Sifaniya, wanda ya je Arsenal yana da shekara 16, da Paul Pogba ɗan Faransa, suka shiga sahun tashin gida, alhali Eric Dier, wanda ya buga wa Ingila wasa a gasar cin kofin duniya, bai shiga ba saboda a Sporting ta Fotugal ya taso. Wannan murɗaɗɗen ma'auni ba kuskure aka yi ba, hukuncin Bosman ne ya hana a yi amfani da takardar ɗan ƙasa, sai aka koma auna wurin da mutum ya samu horo. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, tana da makamanciyar doka a gasar Zakarun Turai, inda take ware gurbi takwas cikin 25, huɗu daga ciki na waɗanda ƙungiyar ce da kanta ta rene su.

Sakamakon wannan shi ne farashin 'yan wasan Ingila ya yi tashin gwauron zabi, ba lallai don sun fi takwarorinsu iya taka leda ba, sai don kowannensu yana cike gurbin da baƙo ba zai iya cikewa ba. Haka kuma ƙungiyar da baƙinta suka haura 17 dole ta ajiye wani a gefe, kamar yadda Arsenal ta cire sunan Mesut Özil daga jerinta a Oktoban 2020, ya zauna yana karɓar albashi ba tare da damar buga ko minti ɗaya a gasar ba, har ya koma Fenerbahçe a Janairu. Magoya bayan Arsenal sun rabu biyu a kan lamarin, kuma gaskiya ne cewa zaɓen wanda za a cire ra'ayin koci Mikel Arteta ne, amma wajabcin cire wani doka ce ta kawo shi.

Inda ƙorafin magoya baya ya fi samun madafa shi ne wajen dokokin kashe kuɗi. Dokar da gasar Firimiya ta hukunta Everton da ita ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a Nuwamban 2023 aka cire wa Everton maki 10, aka rage zuwa shida bayan ta ɗaukaka ƙara, sannan a Maris na 2024 aka cire wa Nottingham Forest maki huɗu. Abin lura shi ne yadda ake rubuta ciniki a littafin lissafi. Idan ƙungiya ta sayi ɗan wasa a kan fam miliyan 100, misali, ta ba shi kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta kuɗin a matsayin kashewar shekara ɗaya, ana rarraba su ne miliyan 20 kowace shekara. Idan ta sayar da shi bayan shekara biyu a kan miliyan 70, ribar da za ta rubuta miliyan 10 ce kacal, domin har yanzu darajarsa a littafi miliyan 60 ce. Amma yaron da ya taso a makarantar horar da matasa ta ƙungiyar ba shi da kuɗin saye da za a cire, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce zalla, kuma nan take ake rubuta ta. Lamarin ya yi kama da na mai kiwo, wanda idan ya sayar da ragon da ya sayo a kasuwa sai ya fitar da uwar kuɗi kafin ya san ribarsa, amma ragon da aka haifa a garkensa kuɗinsa duka nasa ne.

Chelsea ta yi amfani da ɓangarorin biyu na wannan lissafi. A Janairun 2023 ta ba Enzo Fernández da Mykhailo Mudryk kwantiragin shekara takwas da rabi domin kuɗin sayensu ya bazu a kan shekaru masu yawa, abin da ya sa UEFA ta ƙayyade rarrabawar ga shekara biyar a cikin wannan shekara, gasar Firimiya ma ta bi sahu. A ɗaya ɓangaren kuma ta sayar da Mason Mount ga Manchester United a 2023, da Conor Gallagher ga Atlético Madrid a 2024, dukkansu yaran da suka shiga ƙungiyar tun suna ƙanana, kuma Gallagher ya ɗaura kambun kyaftin a yawancin wasannin kakar da ta gabaci sayar da shi. Newcastle ma ta sayar da Elliot Anderson, ɗan yankinta, ga Nottingham Forest gab da ranar 30 ga Yunin 2024, ranar da ake rufe littafin shekara. Ita kanta Forest wannan rana ce ta kayar da ita, domin ta jinkirta sayar da Brennan Johnson ga Tottenham har zuwa farkon Satumban 2023 don ta samu farashi mai kyau, sai kuɗin suka faɗa cikin lissafin shekara ta gaba.

Abin mamaki, lokacin da yaran Chelsea suka fi samun dama shi ne lokacin da aka ɗaure wa ƙungiyar hannu. A 2019 hukumar ƙwallon duniya, FIFA, ta haramta mata ɗaukar sababbin 'yan wasa saboda ta karya dokar da ta hana ƙetarar da yara 'yan ƙasa da shekara 18 daga wata ƙasa zuwa wata, sai koci Frank Lampard ya dogara da Mount da Tammy Abraham da Reece James da Fikayo Tomori, kuma suka ƙare a mataki na huɗu. Wannan doka ta shekara 18 ita ce ta sa Ahmed Musa, da ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, ya jira har watan Oktoba da ya cika shekarun kafin ya fara buga wasa.

Saboda haka dokoki biyu da kowaccensu take da kyakkyawar manufa sun haɗu sun haifar da abin da babu mai goyon bayan da ya nema: ɗaya ta ɗaga darajar tashin gida, ɗayar kuma ta mayar da sayar da shi hanya mafi sauƙi ta gyara lissafi. Magoya bayan da suke kuka da wannan suna da gaskiya, kuskurensu kawai shi ne sauke fushin a kan koci ko a kan yaron da aka tura, alhali a Afrilun 2021 sun ga abin da zanga-zangarsu ta yi wa masu ƙungiyoyi, lokacin da ƙungiyoyin Ingila shida suka janye daga shirin gasar Super League cikin kwana biyu. Dokokin gasar Firimiya ƙungiyoyinta 20 ne suke kafa su da ƙuri'a, kuma amincewar 14 daga cikinsu ta isa a sauya kowace.