Ta yaya ƙaramin yaro ke koyon bin karin kiɗa?

Iyaye da dama kan damu idan suka ga ɗansu mai shekara biyu yana tafi, amma tafin nasa daban, waƙar da ake rerawa daban.

Masana halayyar yara sun ce wannan ba abin damuwa ba ne. Galibin yara ba sa iya daidaita tafi da bugun kiɗa sosai sai sun kai shekara huɗu ko fiye.

Sai dai jin karin, wato gane tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, yana farawa tun da wuri. A shekarar 2009 masu bincike a Hungary da Holland sun gano cewa ƙwaƙwalwar jinjiri ɗan kwana biyu ko uku takan nuna alama idan aka tsallake bugun da take jira.

Jiki kafin kunne

A 2005, Jessica Phillips-Silver da Laurel Trainor na Jami'ar McMaster da ke Kanada sun kunna wa jarirai 'yan wata bakwai wani bugu da ba a ƙarfafa ko'ina a cikinsa ba.

An riƙa jijjiga wasu a kan kowane bugu na biyu, wasu kuma na uku. Daga baya kowane rukuni ya fi sauraron kiɗan da ya dace da yadda aka jijjiga shi.

Jariran da suka kalli wani yana motsawa kawai, ba a motsa su ba, ba su nuna wannan zaɓi ba.

Ke nan uwar da ke daka da goyo a bayanta, ko take jijjiga shi tana rarrashi, ta riga ta fara darasin ko da ba ta sani ba.

Mutum ya fi na'ura

Wani binciken da aka yi a Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus ya nuna cewa yara sun fi daidaita bugunsu idan suna kaɗa ganga tare da mutum, a kan idan suna bin na'ura ko lasifika. Wannan abin lura ne ga masu miƙa wa yaro waya su tafi.

Akwai kuma kuskuren da manya kan yi da kyakkyawar niyya: rage sauri don a sauƙaƙa wa yaro. Bugun da ƙananan yara suka saba da shi ya fi na manya sauri, don haka jinkirin kan ƙara rikita su. Gara a fara bin nasa bugun, a kan ƙwarya ko gwiwa, sannan a sauya kaɗan kaɗan.

Batun bai tsaya ga kiɗa ba. Farfesa Usha Goswami ta Jami'ar Cambridge ta daɗe tana nuna cewa yara masu larurar wahalar karatu kan sha wuya wajen gane karin magana da na kiɗa.

A Hausa, inda jan wasali ko gajarta shi ke sauya ma'anar kalma, ana iya fara atisayen da tafa sunan yaron gaɓa gaɓa.