Adakar Marmari: Masu Kiwon Tsofaffin Bindigogi a Amurka

A kudu maso gabashin jihar Indiana ta Amurka akwai wani ɗan ƙauye da ake kira Friendship, wanda in ka ratsa shi a mota, kafin ka gyara zama ka fita. Amma sau biyu a shekara, a watan Yuni da na Satumba, sai ya cika ya batse da dubban baƙi, a shafe kwana tara ana abu guda: harba bindigogin da ake ɗurawa ta baki. Tun da hantsi farin hayaƙi ke lulluɓe kwarin, warin farar wuta ya kama tufafin kowa. Masu taron 'yan wata ƙungiya ce da aka kafa a 1933, wadda ake taƙaita sunanta da NMLRA, kuma a nan ƙauyen babban filin harbinta yake.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba baƙon wannan bindiga ba ne. Dangin adaka ce, wadda maharbi ke ratayawa in zai shiga daji, wadda 'yan bindigar sarki ke ɗirkawa ranar hawan sallah har dawaki su zabura. Sai dai maharbinmu yana riƙe da ita ne don ita Allah ya hore masa. Ba shi mai baki biyu ka ga ko zai sake waiwayarta. Shi kuwa mutumin Friendship yana zaune a ƙasar da, a yawancin jihohinta, zai iya shiga kanti ya sayi bindigar da ke aman harsashi talatin kafin a sake yi mata ɗuri. Sai ya tsallake ta, ya kai wa maƙeri kuɗi masu kauri, wani lokaci ya yi jiran shekara ko fiye, don a ƙera masa wadda zai yi kusan minti guda yana lallaɓawa kafin ta yi magana sau ɗaya. Wannan jinkirin shi ne abin da ya biya kuɗi ya saya.

Kallon ɗurin kaɗai ya isa nishaɗi. Mutum zai kafa gindin bindigar a ƙasa, ya kawar da bakinta daga fuskarsa. Ya ɗauko ƙahonsa da ke rataye a kafaɗarsa, ya tsiyaya albarushi cikin ɗan ma'auni, sannan ya juye a bututun. Ba a zubawa kai tsaye daga ƙaho, don in akwai sauran tartsatsi a ciki, ƙahon gaba ɗaya ne zai tashi a hannunsa. Sai ya shimfiɗa ɗan ƙyalle mai maiko a bakin bindigar (wasu da yawu kawai suke jiƙa shi), ya ɗora mulmulalliyar dalma a kai, ya tura da sandar ɗuri har ta zauna daram a kan albarushin. Ya barbaɗa wani ɗan albarushi mai laushi a ƙaramin kaskon da ke gefe. Da ya ja kunama, dutsen ƙanƙara irin na ƙyastu ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kaskon, wuta ta bi ta 'yar huda ta shige ciki. Tsakanin walƙiyar da ke tashi dab da idonsa da fitar harsashin akwai ɗan taƙi, kuma nan ake gane gwani, domin sabon shiga yakan runtse ido ya karkace kafin dalmar ta bar bututu. Abin dariyar da ba ya ƙarewa a wurin shi ne mutum ya shagala da hira ya daka dalma bai zuba albarushi ba. Suna tsokanar juna cewa su kashi biyu ne: waɗanda abin ya taɓa samu, da waɗanda ke jiran ranarsu.

Abin da ya raba bindigarsu da adaka yana cikin bututu. Ita tasu an yi mata tsaga masu murɗewa daga gindi zuwa baki, waɗanda ke sa dalma ta fita tana juyi, ta tafi sak. Maƙeran Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania, musamman yankin Lancaster, su suka zo da wannan sana'a a ƙarni na 18, suka tsawaita bututun har ya kai mita guda ko fiye, suka rage girman dalma don a yi tattalinta a daji, suka ƙawata ƙotar da tagulla da sassaƙa. Duniya ta san ta da bindigar Kentucky, ko da yake ba can aka haife ta ba. Zamanin nata kuwa ba shi da nisa da na Sarkin Kano Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, wanda kuma littafin Tarihin Kano ya ce shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki.

A wani ɓangare na filin akwai zango da ba a yarda wani abin da ya zo bayan 1840 ya bayyana a cikinsa ba. Shekarar ba haka kawai aka tsince ta ba. Daga 1825 zuwa 1840, masu tarkon dabbobin gashi a duwatsun Rocky sukan haɗu sau ɗaya a shekara su sayar da fatu, su sayi albarushi da dalma, su yi gasa, su sha, su watse. Wannan haɗuwa ake kwaikwayo. Likita da direban babbar mota da malamin makaranta duk za ka gan su cikin rigar fata mai tuntaye, suna kwana a tantin zane, suna kunna wuta da ƙyastu, suna girki a tukunyar ƙarfe. Mai akwatin sanyaya ruwa sai ya lulluɓe shi da bargo ko ya ɓoye a cikin tanti. Akwai jifa da wuƙa da ɗan gatari, mata da yara duk suna yi. A irin waɗannan taruka har da harbin gwaninta: a kafa gatari kaifinsa na fuskantar mai harbi, ya raba dalma biyu a kan kaifin ta fasa abubuwa biyu dama da hagu, ko a kunna kyandir ya kashe wutar ba tare da ya taɓa jikinsa ba.

Kyautar gasa ma ta gargajiya ce. Akwai wadda ake shimfiɗa bargo, kowa ya ajiye wani abu nasa, wuƙa ko ƙaho ko jakar fata, wanda ya zo na ɗaya ya fara zaɓe, na ƙarshe ya ɗauki abin da aka rage, ba mai komawa hannu rabbana. Kakanninsu kuwa sa ko talotalo suke sawa. A raba san gida huɗu ga gwanaye huɗu, na biyar ya samu fata da kitse, wani lokaci na shida a bar masa dalmar da ta maƙale a itacen da aka yi ta harbi, ya tone ya narke ya sake amfani da ita.

Da yamma aikin da ba mai tsallakewa shi ne wanki. Tokar da albarushi ke bari tana jan danshi, in aka kwana ba a wanke ba, tsatsa ta fara cin bututu. Da ruwa ake wankewa, a yi ta cusa ƙyalle yana fitowa baƙi ƙirin har ya fito fes, a busar, a shafa mai.

Waɗannan kashi ɗaya ne kawai. Wani babban kashin su ne masu tara bindigogin soja da aka yi ritayarsu: Mauser ta Jamus ta 1898, Lee-Enfield ta Ingila wadda ta zagaya duk inda Turawan mulkin mallaka suka taka har da Najeriya, M1 Garand ta Amurka da rundunar soja ta amince da ita a 1936, da Mosin-Nagant ta Rasha ta 1891, wadda aka ƙera miliyoyinta. Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet an yi ta shigo da Mosin akwati-akwati, har aka yi lokacin da ba ta kai dala 100 ba, shi ya sa da ita samari da yawa suka fara. Takan zo a dulmuye cikin wani giris mai kauri da aka adana ta da shi shekara da shekaru, kuma cire shi ne karatun farko na sabon shiga: a kwance ta gaba ɗaya, a goge ƙarafan, a nannaɗe ƙotar a ajiye a rana ta yi ta gumin maiko kwana da kwanaki. Doka ma ta san da zamansu. A dokar tarayya ta 1968, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, wadda kuma ta shekara 50 tana shiga rukunin da mai tarawa zai nemi lasisi na musamman a kansa, da sharaɗin ya riƙe littafi yana rubuta kowace da ta shigo hannunsa da wadda ta fita. Jihohi kuma kowace da nata ƙarin.

Su waɗannan, karatun bindiga ya fi harba ta daɗi a wurinsu. Mutum zai ɗauko gilashin ƙara girma ya duƙufa kan 'yan tambura da lambobin da aka buga a jikin ƙarfe, ya gaya maka masana'anta da shekara, wani lokaci har rundunar da ta riƙe ta. Abin da ake nema shi ne lambar da ke kan kowane sashe ta zama iri ɗaya, alamar ba a yi mata haɗe-haɗe ba. A kan bindigar Arisaka ta Japan akwai tambarin fure na gidan sarautar ƙasar. Da aka sha kaye a 1945 an kankare shi daga mafi yawansu kafin a miƙa su, saboda haka wadda furenta ke nan ta fi tsada. Wadda ta fi burge ni ita ce K31 ta Suwizalan. Sojan ƙasar yakan tafi gida da bindigarsa, kuma akan sa 'yar takarda mai sunansa da shekarar haihuwarsa da garinsu a ƙarƙashin farantin ƙarfen da ke gindin ƙota. Wanda ya sayi K31, kafin ya yi komai sai ya kwance kusoshi biyun nan ya leƙa. Akwai waɗanda suka bi adireshin suka rubuta wasiƙa, wani tsoho ko 'ya'yansa suka amsa.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa babban zunubi a wurinsu shi ne gyaran da ba a nema ba. Wani zai gaji bindigar kakansa, ya ga ta yi duhu, ya sa samfefa ya murje ƙota, ya goge ƙarfen har yana ɗaukar ido, ya kawo ta kasuwa yana taƙama, a ce masa ya zubar da rabin kuɗinta ko fiye. Kamar a samu tsohon soro mai zanen magina na da, a shafe shi da siminti don ya yi kyau. Duhun nan da tabon da ke jikin ƙota su ne shaidar shekarunta. Bayan yaƙin duniya na biyu an yanke dubban bindigogin soja da zarto don su yi sauƙin ɗauka a farauta, abin da a lokacin dabara ce, yau kuwa masu tarawa na ganinsu suna girgiza kai. Ƙa'idarsu ita ce a tsayar da tsatsa, a shafa mai ko kakin zuma, a bar sauran yadda aka same shi.

Masu baki biyu nasu salon daban ne, ya fi kama da na masu hannu da shuni. Suna neman ƙirar Parker ko Fox ko L.C. Smith na Amurka, wanda aljihunsa ya kai kuma ya nemi Purdey ta Landan. Wasu har shigar Turawan Ingila na farkon ƙarni na 20 suke yi, da kwat da laƙtaye, su je harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama. A nan ne tsufa ke da haɗari na gaske. Yawancin na ƙarni na 19 an yi bututunsu ne da siraran ƙarafa da aka murɗa aka nannaɗe aka haɗe da wuta da guduma, abin da ke ba su wani zane mai kyau kamar igiyar ruwa. Don tsohon albarushi aka yi su. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya ninka na da, kuma harsashin zamani a cikin tsohon bututun da tsatsa ta ci ta ciki yana iya tsaga shi daidai inda hannun hagu ke riƙe. Mai hankali sai ya kai wa masani ya auna kaurin bututun kafin ya kusanci kunama.

Kasuwarsu mafi girma tana ci a Tulsa ta jihar Oklahoma, sau biyu a shekara, tebur sama da 4,000 a rufi ɗaya. Tana da ladubbanta. Ba a taɓa bindigar mutum sai an nemi izini. In an miƙo maka, ka fara buɗewa ka tabbatar ba komai a ciki, ko da mai ita ya duba a gabanka yanzun nan. Ba a juya bakinta wajen kowa, ba a ja kunama, ba a barin zufar yatsa a kan ƙarfe. Sauran kuwa ciniki ne irin wanda muka sani, mai saye yana kushe, mai sayarwa yana labarin yaƙin da ta je, wanda ba lalle ta je ba. Shi ya sa suke gargaɗin sabon shiga da ya sayi bindigar, kada ya sayi labarin.

Ba za a yi maganar bindiga a Amurka a manta cewa a 2021 kaɗai ta yi ajalin mutum sama da 48,000 ba, fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu. Masu tsofaffin bindigogi sukan ce ba da irin tasu ake wannan ɓarna ba, kuma game da mai ɗurin baki da gaskiyarsu. Sai dai in batun ƙara tsaurara doka ya taso, akasarinsu layi ɗaya suke tsayawa da sauran masu bindiga.

Abin da ke damunsu a cikin gida shi ne furfura ta yi yawa a taron. 'Ya'ya da yawa ba su gaji sha'awar ba, sai dai kayan, kuma kamfanonin gwanjo irin su Rock Island na samun kaya masu yawa ne daga tarin mamata. Saboda haka tsofaffin kan ɗaura wa kowace bindiga 'yar takarda mai bayanin asalinta da kimarta, don kada dillali ya yi wa iyali wayo. Da ma suna da wani barkwanci da suke yawan maimaitawa, cewa babban tsoron mai tara bindigogi shi ne ya mutu, matarsa ta sayar da su a farashin da ya gaya mata ya saye su.