Ginin Tukunya Ma Ban Ruwa Ne

Duk wanda ya yi noman rani a Kadawa ko Bunkure ya san tumatir ba ya son ban ruwa na ganin dama. Ka bar shi da ƙishi, sannan ka sako masa ruwa gaba ɗaya, sai 'ya'yan su daddare, dillalan Kwanar Gafan su karya maka farashi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manomin wannan yanki ya koyi auna ruwa: yaushe za a buɗe, yaushe za a toshe. Mai wannan ilimi, in ya yi sha'awar ginin tukwane don ɗebe kewa bayan girbi, ya riga ya yi nisa a hanya, ko da bai taɓa murza yumɓu ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Yumɓu yana nan a fadamu da tsofaffin kududdufai, sai dai kada a je ana yagar bakin kanal, don wannan ɓarnar kowa za ta shafa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a jiƙa ɗan kaɗan, a murza shi kamar igiya, a naɗe a yatsa. In ya naɗu bai karye ba, ya yi. Daga nan a jiƙa shi ya kwana, a tsince tsakuwa da saiwoyi, a daka tsingaro a zuba a ciki, a kirɓa sosai. Garin tsingaron nan shi ke rage tsagewa wajen bushewa da wajen wuta.

A nan ban ruwan farko yake. In ruwa ya yi yawa, kana ɗaga bango yana zama. In ya yi kaɗan, baki ya dinga tsattsagewa a hannunka. Sabon shiga yakan ga 'yar tsaga sai ya yi ta shafa ruwa, daidai da manomin da ya ga ganye ya yi yaushi da rana tsaka ya ruga ya cika kwami. Laima kaɗan a tafin hannu ta isa.

Ni dai shawarata, a bar randa da tulu tukuna. A fara da kasko ko asusu. Maginan ƙasar Hausa da yawa sukan kifa tsohuwar tukunya, su barbaɗa mata toka, su shimfiɗa yumɓu a bayanta suna bubbugawa, in ya sha iska su cire su ɗora wuya da baki. Ba sai da injin juyi ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da hannu ta ƙware tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Za a samu masu dariya, su ce manomi ya koma wasan ƙasa. Su yi ta yi. Wanda ya samu tsohuwar maginiya a ƙauye ya je ya durƙusa ya ce, "Inna, a nuna mini," zai rage wa kansa asara mai yawa.

Janye ruwan ya fi zuba shi wuya, kuma a nan akasari ake faɗuwa. Mai shinkafa ba ya datse ruwa sai ƙwaya ta cika. Haka tukunya: a inuwa take bushewa, a hankali, ana juya ta. Iskar hunturu tana busar da baki alhali gindi na jiƙe, bakin ya tsuke, gindin bai tsuke ba, sai ta dare. Shi ya sa ake lulluɓa mata tsumma ko leda a kwanakin farko. In ka kara ta a kumatu ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Ranar gashi ma ba a afka mata da wuta. A ɗumama ta a gefen garwashi tukuna, domin ruwan da ya maƙale a ciki yana zama tururi ya tarwatsa ta, har ta illata na kusa da ita. Sannan a jera, a rufe da tattakar shinkafa da kara da busasshen kashin shanu, abubuwan da wannan yanki ba ya rasa su. Sai zafi ya kai wajen digiri 600 yumɓu ke rikiɗa ya daina komawa laka. Bayan ta huce, a ƙwanƙwasa: mai lafiya tana amo, mai tsaga muryarta a dushe.

Wanda hannunsa ya faɗa yana iya gwada dabarar Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya ci kyautar Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa yana bin iska shi ke sanyaya cikin, tumatir ya ƙara kwanaki bai ruɓe ba. Yashin ma safe da yamma ake jiƙa shi.