Waziri, Alhaji da Kishiya: Taurarin da Muka Gada, da Wanda Muka Bari a Gonakin Zabarmari

Da wuya a sami ma'aikaci a sakatariyar tarayya da ke Abuja, in dai a Arewa ya yi firamare, wanda za a ambaci waziri a cikin labari bai fara sa ran jin makirci ba. Marigayi Alhaji Abubakar Imam ne ya dasa mana wannan zato. A cikin Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, wazirin Sarki Abdurrahman ya haɗa baki da Sarkin Sinari don a hallaka Musa ɗan sarki, sarauta ta dawo hannunsa. Abin da ya tsaya tsakanin yaron da ajali shi ne wani aku, wanda ya riƙa jan hankalinsa da labari bayan labari har uban ya dawo daga yaƙi. Da asiri ya tonu, akun aka naɗa waziri.

Wato littafi ɗaya ya bar mana wazirai biyu, maci amana da mai riƙon amana, kuma duka biyun da baki suke aiki. Babu wanda ya zare takobi a cikinsu. Ɗaya yana raɗa wa abokan gaba, ɗaya yana shagaltar da ɗan ubangidansa da zance don ya tsira da ransa. Tsarin akun mai ba da labari daga tsofaffin littattafan Indiya da Farisa ya samo asali, amma da ya shigo hannun Imam sai ya zama bafaden Hausa sosai, mai kirari da zuga da sanin lokacin da ake yin shiru. Duk wanda ya taɓa rubuta wa minista jawabi, ko ya tsaya a bayan kujerar babban sakatare yana miƙa takarda, ya san akun nan ciki da waje.

Masana adabin Hausa suna kiran mutanen cikin labari taurari. Akwai wasu daga cikinsu da ba marubuci ɗaya ne ya ƙirƙire su ba. Gadonsu aka yi, kowa ya zo ya sauya musu suna da riga ya sake tura su fage. Tushensu yana cikin tatsuniya: Gizo mai wayo da zari, Ƙoƙi mai haƙuri da shi, Kura mai kwaɗayin da ke kai ta ga halaka, Dila malamin daji, 'yar mowa da ake shagwaɓawa da 'yar bora da ake tura wa wahala har ta dawo da arziki. Lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, malaman da suka shiga ba su zo hannu wofi ba. Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja, masu ramuwar gayya da juna daga wannan gari zuwa wancan, Gizo ne ya rabu gida biyu ya sa rawani. Ganɗoki na Malam Bello Kagara jarumin waƙar yaƙi ne da aka zaunar a takarda. A Shaihu Umar kuwa, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Makau, bafaden kirki wanda 'yan'uwansa fadawa suka yi wa sharri saboda hassada har aka kore shi daga gari. Abin lura ne cewa wanda ya rubuta wannan shi ne ya zama Firayim Minista bayan shekara ashirin da 'yan kai, ya zauna a tsakiyar fadawan zamani.

Na fi son Makau a kan jarumai da yawa, domin ba shi da wata baiwa sai gaskiya, kuma gaskiyar ba ta cece shi ba.

Tauraro na biyu da ya fi kowa tsawon rai shi ne mai kuɗin da ke ƙwace wa talaka masoyiya. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Malam Shehu ne ya raba Abubakar da Zainab da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ramuwar kuma ta faɗa kan ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba. Bayan fiye da shekara hamsin, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, sai ga mutumin ya dawo da sunan Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai ganin kuɗi sun isa su saya masa Sumayya daga hannun Muhammad. Tsakanin littattafan biyu an yi mulkin kai, an yi yaƙin basasa, man fetur ya kawo arziki ya kuma kawo tsadar rayuwa, amma makaranta ba su gaji da wannan alhaji ba. Dalili a fili yake. Saurayin da ke karanta littafin a gindin bishiya a Fagge ko Tudun Wada ya san wani alhajin da ya yi masa haka, ko yana tsoron zuwansa.

Masu raina adabin kasuwar Kano sukan kafa hujja da wannan maimaici, su ce kowane littafi da kishiya mai asiri, da uwar miji mai baƙar zuciya, da boka, da ƙawa mai zuga. Gaskiya ne akwai su, har sun yi yawa. Sai dai maimaita tauraro ba shi ne kasawa ba. E. M. Forster, marubucin Ingila, ya bayyana tun 1927 cewa taurari iri biyu ne, masu hali ɗaya tak da ake ganewa da zarar sun shigo, da masu iya ba mai karatu mamaki, kuma ya yarda labari yana bukatar duka biyun. Tauraron gado yana rage wa marubuci dogon bayani. Da an ce amarya ta tare da akwati goma sha biyu tana taunar cingam, mai karatu ya riga ya ɗauki ɓangare. Gwanintar tana ga abin da marubucin zai yi da wannan ɓangarancin.

A nan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi wa tsaranta nisa. Alhaki Kwikwiyo Ne, na 1990, da kayan tatsuniyar bora da mowa aka gina shi: Rabi uwargida mai 'ya'ya tara, Delu amarya 'yar duniya, Alhaji Abdu mai rumfa a kasuwa. Mai karatu ya shiga yana jiran a ɗora wa Delu dukkan laifi, kamar yadda aka saba. Marubuciyar sai ta karkatar da fitilar zuwa kan maigidan, mutumin da yake cin daɗi a waje alhali kuɗin cefanen da yake bari ba ya isar gidansa, wanda ya kori matarsa da 'ya'yansa don ya faranta wa amarya. Rabi kuma ba ta zauna jiran aljani ya kawo mata ɗauki ba, abinci ta kama sayarwa ta riƙe 'ya'yanta. Wannan littafi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi, wani kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga shi a 2012. Irin wannan juyi Abubakar Adam Ibrahim ya yi da Ingilishi a littafinsa da ya ci kyautar NLNG a 2016, inda ya ɗauki hajiya bazawara mai jikoki da shugaban 'yan daba mai yi wa sanata aiki, a nan Mararaba kusa da mu, ya hana mai karatu yanke wa ko ɗayansu hukunci cikin sauƙi.

Ma'aikacin gwamnati ma ya samu nasa gurbi, ko da yake ba mai daɗi ba ne. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda aka buga a 1982 bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci yake. Gwamnati ce ta ba da kyauta ga littafin da ya tona yadda ake sayen jami'anta.

In aka jera waɗannan taurari aka duba inda suke zaune, za a ga wurare uku ne: fada, kasuwa, da tsakar gidan aure. Gona fa? Mafi yawan masu jin Hausa da noma suke rayuwa, amma manomi in ya shigo labari, ko dai bagidajen ƙauye ne da ake dariyar yadda yake kallon bene, irin rawar da marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha takawa a finafinai, ko saurayin da ya gudu daga ƙauye birni ya lalata shi kamar a Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, ko kuma tsoho mai rumbuna da ke auren yarinya ƙarama, kamar Sarkin Noma na Wa Zai Auri Jahila? Manomi mai hankali, mai lissafi, wanda yake auna haɗari da riba kafin ya fita da asuba, ba mu gaji zubinsa ba. Ina ganin wannan giɓi ya wuce matsalar marubuta, domin mutumin da ba a saba ganinsa a matsayin tauraro ba, in abu ya same shi, da adadi ake ba da labarinsa.

Zabarmari ta nuna haka. Gari ne na manoman shinkafa a ƙaramar hukumar Jere, tafiyar kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, a gefen fadamar da kogin Ngadda ke shayarwa. Hausa ake ji a kasuwarsa ko da yake a tsakiyar ƙasar Barebari yake, kuma ɗafin da ke ƙarshen sunansa shi ne wanda ake ji a Hausari da Shehuri, unguwannin Maiduguri. Ranar Asabar 28 ga Nuwamba, 2020, 'yan Boko Haram suka tarar da masu yankan shinkafa a gonakin Koshebe, suka ɗaure su suka yi musu yankan rago. Washegari aka yi wa mutum 43 sallah a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum yana cikin sahu. Rahotanni sun nuna akwai 'yan ci-rani a cikinsu, waɗanda suka taso tun daga jihar Sakkwato don aikin girbi.

Abin da ya biyo baya gardamar lissafi ce. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara cewa mutum 110, daga baya ya janye adadin ya ce gommai. Ɓangaren Abubakar Shekau ya fito ya ɗauki alhaki da nasa adadin. Mai magana da yawun shugaban ƙasa na lokacin, Malam Garba Shehu, ya shaida wa BBC cewa manoman ba su sami izinin sojoji ba kafin su shiga gonakin. Maganar ta jawo fushi, shi kuma ya fito ya bayyana cewa ba nufinsa ɗora wa mamatan laifi ba ne. Ko mene ne nufin, zubin da kalaman suka faɗa ciki tsoho ne, wato ɗan ƙauyen da bai san ƙa'ida ba ya jawo wa kansa. Majalisar Dattawa ta nemi a sauke hafsoshin tsaro, an kuwa sauya su a ƙarshen Janairun 2021. Daga nan labarin ya koma fada, inda muke da taurari birjik: wa ya faɗi, wa ya hau, wa ya raɗa wa wa.

Masu rubuta sanarwar manema labarai da takardun bayani ga shugabanni ba sa ɗaukar kansu marubuta labari, alhali kullum suna zaɓar wanda zai zama mai aikatawa a cikin jimla da wanda za a aikata wa. A takardun ofis, manomi kusan kullum wanda za a raba wa taki ne, ko wanda za a wayar wa kai, ko wanda abin ya rutsa da shi. Akun Imam ya san cewa tauraron da ka zaɓa ka sa a gaban mai mulki shi ke juya shawararsa, shi ya sa bai taɓa ba Musa labari don nishaɗi kawai ba.

Marubutan Hausa sun fara matsowa kusa da wannan yanki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, labarin sansanin 'yan gudun hijira na Aisha Muhammad Sabitu ne ya fara lashe ta. Ci gaba ne, sai dai 'yar gudun hijira ma ta soma zama sabon tauraron gado a gajerun labarai da finafinai: tana kuka, ana zaluntarta, tana jiran mai ceto. Tausayi take samu, ba a ba ta wayon Gizo ko taurin kan Rabi.

Ga kuwa abin da aka ruwaito game da musabbabin kisan Koshebe. Ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Jere, Ahmed Satomi, ya shaida wa manema labarai cewa kafin ranar, manoman sun kama wani ɗan bindiga da ya addabe su, suka ƙwace makaminsa suka miƙa shi ga jami'an tsaro, harin kuma ramuwar gayya ce. Masu kisan ma sun ambaci wannan dalili a bidiyonsu. Ke nan a cikin waɗanda aka jera cikin likkafani ranar Lahadin nan, ko cikin maƙwabtansu, akwai mutanen da suka zauna suka auna abin da zai iya biyo baya, suka san ba soja a kusa da gonar, shinkafa kuma ta nuna ba ta jiran kowa, sannan suka tasar wa mai bindiga da lauje a hannu.