TAFINTA MAI TSANANI: YADDA SAMARIN UNGUWAR KANAWA KE KOYON HARSHEN NA'URA

Wanda duk ya bi titin Ali Akilu da almuru ya nufi Kawo, in ya kai Unguwar Kanawa, kusa da tsohon mazaunin Makarantar Horon Hafsoshin Soja, zai ga ƙananan shaguna inda a ke buga wa jama'a takardu. A ɗaya daga cikin shagunan nan muka tarad da samari huɗu sun kewaye wata tsohuwar kwamfuta. Uku malaman firamare ne, ɗayan kuwa bai daɗe da fita sakandare ba. Da muka tambaye su abin da su ke yi, sai suka ce suna koyon wani harshen na'ura ne mai suna C, don su shirya manhajar da za ta riƙa haɗa musu makin jarrabawar yara. Mun yi ta komawa wurinsu, abin da muka gani kuwa ya isa a bayyana wa malamai da iyaye.

MENE NE HARSHEN NA'URA?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abin da ta sani kaɗai shi ne sifiri da ɗaya. Saboda haka masana suka ƙago harsunan da mutum zai rubuta umarni da su, sa'an nan a juya wa na'ura. Juyin nan kashi biyu ne. Akwai irin na tafintan kotu, wanda ke fassara magana jimla bayan jimla ana cikin yin ta. Haka galibi a ke aiki da harshen Python. Akwai kuma irin na malamin fassara, wanda zai karɓi takarda dukanta, ya karanta daga farko har ƙarshe, in ya sami kuskure ya mayar wa mai ita, in bai samu ba ya juya ta gaba ɗaya. Wannan na biyu shi a ke kira kwamfaila, shi ne kuwa samarin nan suka laƙaba wa suna tafinta mai tsanani.

Wani masani Ba'amurke, Dennis Ritchie, shi ya ƙago C a ɗakunan bincike na Bell a 1972. A 1978 shi da Brian Kernighan suka fid da littafin da ya yaɗa harshen a duniya. Da C ne Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya soma rubuta Linux a 1991, a kan Linux ɗin nan kuwa aka gina Android. Watau wayar da ke aljihun ɗan acaɓa a Kawo, ginshiƙinta da harshen nan aka kafa shi. Daga baya ƙannensa suka biyo: kamfanin Google ya bayyana Go a 2009, Rust kuma ya fito cikakke a 2015. Ana ce da su harsunan ginshiƙi, don da su a ke gina abin da sauran manhajoji ke tsayawa a kai.

YARON DA NA'URA TA KAYAR

Wahalar farko da samarin suka ci karo da ita ta lissafi ce. Wani yaro ya sami maki 38 da 40 da 41. In an haɗa 119 ke nan, in an raba uku a sami 39 da kashi biyu bisa uku. A ƙa'idar makarantarsu sai a cika masa 40, ya ci. Amma na'ura ta rubuta 39, ta ce ya faɗi. Suka yi kwana biyu suna zargin kwamfuta ta tsufa, alhali kuwa laifin nasu ne. A harshen C, in ka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ragowar zubar da ita a ke yi, ba a ko sanar da kai. Sai ka faɗa tun farko cewa lambarka mai ɗigo ce, sa'an nan ka ba da umarnin a cika. Gyaran bai wuce kalma biyu ba, amma da ba a lura ba, da yaro ya maimaita aji a banza.

Ta biyu ta ƙirga ce. Mu mun saba mu fara daga ɗaya, C kuwa daga sifiri ya ke farawa. In ka tanadi gurbi 40 don yara 40, na farko lambarsa 0, na ƙarshe 39. Ɗaya daga cikinsu ya nemi gurbi na 40, sai ga wata lamba ta fito wadda ba ta yi kama da makin kowa ba. Dalili shi ne C ba ya tsare iyaka. In ka ƙetare gonarka ka shiga ta maƙwabci, ba zai ce maka kanzil ba, sai ka girbe abin da ba ka shuka ba. Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaro da ya ke toshewa ko wace shekara daga irin wannan ɓarna ta ma'adanar na'ura su ke. Don maganin haka aka ƙago Rust, wanda tafintansa ya fi na C tsanani nesa ba kusa ba: yakan ƙi juya rubutu da yawa da C zai bari ya wuce, in kuma aka ƙetare iyakar gurbi sai aikin ya tsaya cak, ya faɗi wurin da aka yi kuskure.

Ta uku ta awo ce. Ko wace lamba tana da mudun da a ke zuba ta. Mudun da aka fi amfani da shi ba ya ɗaukar abin da ya wuce 2,147,483,647. Ga ido kamar ba za a taɓa cika shi ba. To, amma in kuɗin makaranta ka ke ƙirgawa da kwabo, Naira miliyan 21 da rabi ta riga ta tumbatsa shi, lissafi ya watse. Irin wannan tumbatsa ce ta hallaka rokar Turai mai suna Ariane 5 ran 4 ga Yuni, 1996, ba ta ko cika minti guda da tashi ba, don an zuba babbar lamba a ƙaramin mudu. Kun ga ashe kuskuren ɗan koyo da na gwani uwarsu ɗaya.

ƊANLADI A BAYAN ZAINABU

Amma wadda ta fi jan hankalinmu ita ce ta huɗu, don ta shafi harshenmu. Da suka umarci na'ura ta jera sunayen yara bi da bi, sai suka ga Ɗanladi ya koma can ƙarshe, bayan Zainabu. Da suka ce ta ƙirga haruffan kalmar "ƙasa" kuma, sai ta ce biyar.

Ga asalin abin. Tsarin haruffan da aka yi wa na'ura a Amurka a 1963 alamu 128 kaɗai ya ƙunsa, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, ko da ya ke tun shekarun 1930 a ke buga littattafan Hausa da su a Zariya. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka shirya tsarin UTF-8, wanda ya ba haruffan duniya wuri. Amma a cikinsa harafin Turanci gurbi ɗaya ya ke ci, harafinmu mai lanƙwasa kuwa biyu. C gurabe ya ke ƙirgawa, ba haruffa ba, shi ya sa huɗu ta zama biyar. Wajen jeri kuma lambar harafi ya ke dubawa, lambar Ɗ kuwa ta ɗara ta Z. Har a Go da Rust, in ka tambayi tsawon kalma kai tsaye, gurabe za a faɗa maka, sai ka nemi adadin haruffa musamman.

Samarin suka zauna suka rubuta wa na'ura jerin abacada na Hausa da hannunsu, suka sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Ran da Ɗanladi ya dawo wurinsa bayan Dauda, murnar da suka yi sai ka ce an yi musu albishir da kujerar Makka. Mu kuwa muka ce a ranmu, ga amsar masu tambayar dalilin da ya sa sunayen 'ya'yanmu ke fitowa a gurgunce a takardun shaida. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda bai taɓa rubuta ƙ ba, ba zai tuna da ita ba sa'ad da ya ke shirya manhaja. In 'ya'yanmu ba su koyi aikin nan ba, wa zai gyara mana?

GARGAƊI GA MASU KOYO

Mun lura da abu uku da suka taimaki samarin nan, muna kuwa roƙon malamai su riƙe su.

Na farko, su kan karanta ƙorafin tafinta a tsanake. Ɗan koyo ya kan firgita in ya ga jan rubutu ya cika allo, alhali tafinta ya faɗi lambar layin da ya tsaya da abin da ya rasa. Sau da yawa kuskure guda ne ke haifar da ƙorafi ashirin. A gyara na farko, a sake juyawa.

Na biyu, su kan yi lissafin da alli tukuna. Da ba su san amsar 119 a raba uku da kansu ba, da ba su gane na'ura ta zubar da ragowa ba.

Na uku, ba su satar amsa. Tun daga ƙarshen 2022, da manhajoji irin su ChatGPT suka bazu, yaro na iya samun rubutaccen aiki cikin ƙiftawar ido. Ba mu ce kada a tambaye su ba, amma wanda ya kwafi abin da bai fahimta ba, ran da ya lalace sai ya tsaya yana kallonsa kamar baƙauye a tasha. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

INA MAKARANTUNMU?

Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu. Kaduna ba ta rasa wuraren ilmi ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ta samo asali tun 1956, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a 1976, ga Jami'ar Jihar Kaduna ta 2004, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 1962. Duk da haka mun sha shiga aji mu tarar ana koya wa yara sassan kwamfuta da hadda, kamar mai koyon iyo a kan tabarma. Kayan aikin kuwa ba su da tsada. Tafintan C mai suna GCC kyauta a ke ba da shi tun 1987, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa, in an saka shi kuma ba ya bukatar intanet.

Shawararmu ga kwalejojin horon malamai ita ce, kada a yaye malamin kwamfuta sai ya rubuta ƙaramar manhaja guda da hannunsa, wadda za ta yi wani aiki na gaske a makaranta: rajistar yara, ko haɗa maki, ko lissafin kuɗin littattafai. A jarraba ta kuma da sunan da ke da ƙ da ɗ da ɓ. Ga iyaye kuma, in kun ga yaro ya daɗe gaban allo yana fama da tafinta, ku tambaye shi abin da ya ke ginawa kafin ku ce wasa ya ke yi.

Samarin Unguwar Kanawa dai sun gama manhajarsu, sun haɗa makin aji uku da ita, sun kuma bi lissafin da hannu ba su sami saɓani ba. Yanzu sun ce Rust za su shiga. Allah Ya ba su sa'a, Ya kuma yawaita mana irinsu.