Baƙin Tsuntsaye a Ƙasar Gumel

Manomi a Maigatari ko Sule Tankarkar ba ya bukatar kalanda kafin ya san damina ta gabato. Da zarar shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kukar cikin gari, wajen watan Mayu, sai a fara gyaran gona. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne inda take yin rani. Idan ta gama ƙyanƙyasa ta yaye 'ya'yanta, kudu take nufa, ta ƙetare tsakiyar Afirka har zuwa ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabwe, inda ake damina daga Nuwamba zuwa Maris. Ke nan ruwan sama take bi, domin shi ke fito da fara da tsutsa, abincinta.

Tana tashi kuwa, wasu baƙin ke isowa daga Turai, suna gudun hunturu. A cikinsu akwai wata 'yar'uwar shamuwa wadda ɗalibi zai iya rikitawa da ita a ganin farko. Shamuwarmu baƙa ce mai farin ciki. Ta Turai ta fi ta girma, fara ce mai baƙin fiffike, bakinta da ƙafafunta jajaye. Ba ta son ƙetare teku mai faɗi, saboda ɗumin iskar da ke tasowa daga ƙasa shi ke ɗaga ta sama, kan ruwa kuwa babu shi. Don haka take ratsowa ta mashigin Jibraltar ko ta Turkiyya.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsun nan ke ɓuya ba. Sai a 1822 aka harbo ɗaya kusa da garin Klütz a Jamus, da wani mashi na Afirka soke a wuyansa. Da shi ya yi tafiyar duka. Yana nan a ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta ɗan Denmark, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Duk wanda ya tsinci irin wannan zobe, lambar da adireshin da ke jikinsa sun fi zoben daraja.

Mai son ganin baƙin nan da yawa sai ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru tsakanin Disamba da Fabrairu, musamman Baturiya, wadda aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Can agwagwin Turai ke cakuɗuwa da kirinjijiya da dinya. Sai dai madatsun ruwa na Tiga, na 1974, da Chalawa, na 1992, sun rage ambaliyar da ke cika fadamun, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Gauraka ma, wanda dā ya yawaita a yankin, yau ganinsa sai an dace.

Wanda bai da kuɗin mota ba a bar shi a baya ba. Ya fita da sassafe, rana tana bayansa, ya zauna shiru kusa da tafki ko garken shanu. A tsakanin ƙafafun shanun yakan ga wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki yana kaɗa doguwar wutsiya. Shi ma Sahara ya ƙetaro. Kafin ya tambayi sunansa, ya rubuta girmansa, da siffar bakinsa, da launin ƙafarsa, da wuri da kwanan wata.